An ce na cika girman kai, na koma zama a baya: tawali'u ke nan?

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, shekarata 31, ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ina cikin Zumuntar Mata tun da na yi aure. Bara an sha ba ni damar yin gargaɗi daga Maganar Allah a taronmu na mako, mata suna jin daɗi, har wasu su biyo ni gida da tambayoyi. Ba zan ɓoye miki ba, yabon yana mini daɗi. Wata 4 da suka wuce, Uwar Zumunta tana ƙarfafa mu mu kama sana'a, sai ta ce, "Ai Littafi Mai Tsarki ya ce, tashi in taimake ka." Na san babu wannan ayar. Na duba a wayata na tabbatar, na ɗaga hannu na ce, "Mama, wannan maganar Hausawa ce, ba ta cikin Littafi." Wasu suka yi dariya. Ba ta ce mini komai ba, amma da aka zo addu'ar rufewa sai ta roƙi Allah ya raba mu da waɗanda boko ya kumbura musu kai. Kowa ya san da ni take. Tun ranar na ja bakina na yi shiru. Ina zuwa, in zauna a baya, in an ba ni gargaɗi in ce ban iya ba. Addu'a ma ta yi mini nauyi, don na karanta cewa Allah yana gāba da masu girman kai. Yanzu zaɓe ya matso, wasu mata suna so su tsayar da ni sakatariya. Na ce a'a, tawali'u nake koyo. Maigidana ya ce wannan fushi ne kawai na ɗaura wa zanin zumunta. Mama, ta yaya zan bambanta girman kai da gaba gaɗi? In na yi magana a ce ina ji da kaina, in na yi shiru a ce ina fushi.

Wata 'yar zumunta, daga Jihar Filato

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fara taɓa ni shi ne addu'ar nan. Habaici a cikin addu'a yana da ciwo na musamman, domin idonki a rufe yake, ba ki da damar kare kanki, kuma ana jiran ki ce amin. Duk wadda aka taɓa yi wa haka ta san yadda jiki yake mutuwa. Ban ga laifinki ba da kika ji zafi, kuma ba zan ce ki yi kamar ba a yi ba. Amma kin tambaye ni gaskiya, don haka zan faɗa miki abin da na gani a ɓangarenki, da na Mamarku Uwar Zumunta, da na maigidanki.

Maganar da kika faɗa daidai ce. "Tashi in taimake ka" zance ne da ya daɗe a bakin Hausawa, ba aya ba ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne a jingina wa Littafi Mai Tsarki abin da bai faɗa ba. A kan batun ceto ma, Romawa 5:6 akasin haka ta koyar, cewa tun muna marasa ƙarfi Almasihu ya mutu dominmu. Mutumin nan da ya shekara 38 yana rashin lafiya, yana kwance a bakin tafki cikin Yahaya 5, da sai ya tashi za a taimake shi, da yana nan kwance. Yesu ne ya ce masa tashi, kuma ƙarfin tashin tare da maganar ya zo. Sai dai ki lura, ranar nan ba zancen ceto Mama take yi ba. So take mata su kama sana'a, kada su naɗe hannu, kuma wannan koyarwa tana da gindi a cikin Littafi. Karin Magana 6:6 ta aika malalaci wurin tururuwa, 2 Tasalonikawa 3:10 ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, sura ta 31 ta Karin Magana kuma ta nuna mace mai sayen gona da saƙa da ciniki. Mama ta ɗauko koyarwa mai kyau ta rataya ta a inda ba wurinta ba. Ke kuma, da kike da wayar da za ta nuna miki waɗannan ayoyi cikin minti ɗaya, kin yi amfani da ita wajen nuna abin da babu, ba ki ba ta abin da akwai ba. Da kin ce, "Mama, ga wata aya da ta goyi bayan maganarki," ki karanta Karin Magana 6:6, sannan bayan taro ki raɗa mata sauran a kunne, da an sami gyara ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Ina so ki tsaya ki ga abin ta idon Mama. Tana tsaye gaban matan da ta girme su, wasu a hannunta aka yi aurensu, wasu ita ta kwana da su a asibiti ranar haihuwa. Tana cikin magana sai ta hango kanki a sunkuye, yatsanki yana tafiya a kan waya. Sai hannu ya tashi. Sai dariya. Ke gyaran aya kike yi, amma abin da ya isa kunnenta shi ne, "Ba ki san Littafin da kike koyarwa ba." Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, amma an daɗe kafin ya shiga hannun kowace mace. Iyayenmu mata da yawa da kunne suka koyi Maganar Allah, daga wa'azi da waƙoƙin zumunta, wasu kuma da girmansu suka zauna ajin yaƙi da jahilci don su iya karanta ta da kansu. Wanda ya koya da kunne, ba abin mamaki ba ne aya da karin magana su cakuɗe masa. Ban san tarihin Mamarku ba, amma in tana cikin irin waɗannan, to kin taɓa inda yake mata ciwo tun kafin a haife ki.

Littafi ya nuna mana yadda ake irin wannan gyara. A Ayyukan Manzanni 18, Afolos mutumin Iskandariya ya zo Afisa, ga baki, ga sanin Littattafai, yana wa'azi gaba gaɗi a majami'a, amma saninsa ya tsaya a baftismar Yahaya. Bilkisu da mijinta Akila suna zaune suna ji. Sun gane gibin, kuma gibin ya fi na Mama girma nesa ba kusa ba. Ba su katse shi ba. Suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah sosai, daga nan ya wuce Akaya ya zama babban taimako ga masu bi. Bilkisu ba ta yi shiru ba, ba ta ce ni mace ce, wa zai ji ni. Ta san abin da ta sani, ta kuma faɗa. Wuri da lokaci kawai ta zaɓa. Za ki iya ce mini ai Bulus ya tsaya wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya, kamar yadda Galatiyawa 2 ta faɗa. Haka ne, amma a can bisharar kanta ce take cikin haɗari, ana raba teburin cin abinci tsakanin Yahudawa da al'ummai, har Barnaba ya bi sahu. Gyara a bainar jama'a yana da ranarsa, taronku bai kai ranar ba. Ga kuma 1 Timoti 5:1-2, inda aka ce wa Timoti, wanda shi ne ma yake riƙe da ikilisiya, ya yi wa tsofaffin mata magana kamar uwayensa.

To wannan girman kai ne? Ba zan iya yanke miki hukunci daga nesa ba, amma akwai tambayar da ke kaɗai za ki iya amsawa. Lokacin da aka yi dariyar nan, me kika ji kafin tsoro ya zo? In kin ji ɗan daɗi, irin na "yau sun ga wadda ta sani", to ki kira abin da sunansa, ki kai shi gaban Allah, ki bar shi can. In kuma halin malamar makaranta ne ya motsa, wadda ta saba gyara kuskure a kan allo nan take, to gaggawa ce da rashin lura, su ma suna bukatar gyara amma ba su ne girman kai ba. Mai yiwuwa ma duka biyun ne, haka zuciya take. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce tunda an kira ki mai girman kai, shi ke nan kin zama. Da Dawuda ya kai wa 'yan'uwansa abinci a bakin dāga ya yi tambaya a kan Goliyat, wansa Eliyab ya hau shi da faɗa, ya ce ya san girman kansa da muguntar zuciyarsa. Yana cikin 1 Sama'ila 17:28. Da Dawuda ya ɗauki maganar wansa a matsayin hukuncin Allah, da ya koma wurin tumaki. Sau da yawa wanda aka ƙona wa rai ne yake fara jefa wannan kalma.

Mama ma ta yi kuskure, kuma zan faɗa a fili don kada ki ɗauki kayan duka a kanki. Addu'a magana ce da Allah, ba wurin rama wa mutum ba ce. Ya kamata ta kira ki gida ta ce, 'yata, abin da kika yi ya ɓata mini rai. Titus 2 ta ɗora wa manyan mata nauyin koya wa ƙanana, kuma ba a koyarwa da habaici. Haka waɗanda suka yi dariya, da waɗanda suka yi ta yawo da zancen, kowa yana da nasa kaso. Sai dai gyaran Mama ba a hannunki yake ba yanzu. Naki ne a hannunki.

Yanzu mu zo kan wata 4 da kika yi a kujerar baya, domin nan ne na fi damuwa. Maganar maigidanki ta yi kaifi, amma ina ganin ya hango wani abu. Ki duba da kyau, kin ce "ban iya ba" alhali kin iya. Mata sun biyo ki gida da tambaya domin sun ƙaru da ke. Faɗin abin da ba haka yake ba bai zama tawali'u don an faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa. Na san tarbiyyarmu, in an miƙo maka abu ba ka cafkewa, kana yin kara, ka ce a ba wani, sai an nace. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma kowa ya san iyakarsa. Amma a yi ta roƙonki wata da watanni kina ƙi, wannan ya wuce kara. Romawa 12:3 ba ta ce mu raina kanmu ba. Cewa ta yi kada mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, ya auna kansa da natsuwa gwargwadon bangaskiyar da Allah ya ba shi, kuma nan da nan ta wuce ta ce mai baiwar koyarwa ya koyar, mai gargaɗi ya yi gargaɗi. Wanda ya ƙara wa mudu ya yi ƙarya, wanda ya rage ma haka.

Ki tuna da Saul. Ranar da za a nuna shi sarki a Mizfa, aka neme shi aka rasa, ashe ya ɓuya cikin kaya. Wanda ya gan shi ranar zai ce kai, ga mai tawali'u. Daga baya, a 1 Sama'ila 15, sai ga shi ya kafa wa kansa al'amudin tunawa a Karmel. Da Sama'ila ya tsare shi a kan rashin biyayya, ya ce ya ji tsoron mutane ne, sannan ya roƙa a girmama shi a gaban dattawa. Ɓuya cikin kaya da kafa al'amudi kamar abu biyu ne masu nisa, amma ni a ganina jijiyarsu ɗaya ce. A duka biyun idon Saul yana kan yadda mutane suke ganinsa. Ban ce ke Saul ce ba, Allah ya kiyaye. Ina so ne ki tambayi kanki, da kike zaune a baya, wa kike tunani? Matar nan da take zuwa taro da nauyin gida a zuciya tana jiran kalmar da za ta riƙe ta har mako ya zagayo, ko kuwa abin da za a ce a kanki in kin sake buɗe baki? Akwai kuma shirun da yake hukunta mutane, irin na "tunda kun ce haka, sai ku yi babu ni ku gani." In akwai ɗigon wannan, shi maigidanki yake nufi.

Musa ma ya gwada wannan hanyar. A Fitowa 4 ya ce shi ba mai iya magana ba ne, Allah ya tambaye shi wa ya yi wa mutum baki. Ya sake cewa a aiki wani dabam, sai aka rubuta cewa Ubangiji ya yi fushi da shi. Allah bai lissafta masa wannan kaucewa a matsayin tawali'u ba. Sai can a Littafin Ƙidaya 12:3, bayan ya tsaya gaban Fir'auna ya kuma ja jama'a cikin jeji, aka shaida cewa babu mai tawali'u kamarsa a duniya, kuma a daidai lokacin da 'yan'uwansa na ciki ɗaya suke sukarsa bai rama ba. Bawan nan na Matiyu 25 da ya binne talantinsa, dalilin da ya bayar shi ne tsoro, kuma maigidansa bai karɓa ba.

Kin tambayi yadda za ki bambanta girman kai da gaba gaɗi. Wurin da na fi zuwa in wannan tambaya ta taso shi ne Yahaya 13. Kafin Yahaya ya ce Yesu ya tashi daga cin abinci ya yi ɗamara da tawul, sai da ya fara gaya mana abin da Yesu ya sani: Uba ya sa kome a hannunsa, daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi. Da wannan sani ya zuba ruwa a daro ya durƙusa gaban ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. Da ya gama kuma bai ce shi ba kowa ba ne. Ya ce suna kiransa Malam da Ubangiji, kuma daidai ne, haka yake. Wanda ya tabbata da matsayinsa a wurin Uba ba ya tsoron durƙusawa, don ya san ba abin da zai ragu. Wanda bai tabbata ba shi ne kullum yake gadin mutuncinsa, yau da ɗaga murya, gobe da janye jiki. Saboda haka kada ki ɗauka sai kin rage gaba gaɗi tawali'unki zai ƙaru. Tushensu ɗaya, sanin cewa an karɓe ki saboda Almasihu tun kafin ki yi gargaɗi ko ɗaya.

Dubi yadda Bulus yake magana a 1 Korintiyawa 15:9-10. Ya ce shi ne mafi ƙanƙanta cikin manzanni, bai ma isa a kira shi manzo ba domin ya tsananta wa ikilisiya. A numfashi ɗaya kuma ya ce ya fi su duka aiki, sannan ya ƙara da cewa ba shi ba ne, alherin Allah ne da yake tare da shi. Bai ɓoye laifinsa ba, bai kuma ɓoye aikinsa ba. Tambayar da ya yi wa Korintiyawa a 4:7 ita ce ma'aunin da nake ba ki: me kike da shi wanda ba ba ki aka yi ba? Karatunki, wani ya biya kuɗin makaranta. Bakin da kike koyarwa da shi, ba ke kika ƙera shi ba. Mai girman kai yana riƙe baiwa kamar shi ya yi ta, shi ya sa gyara yake masa zafi, nasarar wani take tsone masa ido. Mai gaba gaɗi cikin Ubangiji yana iya cewa "na iya wannan" ba tare da kunya ba, ya kuma ce "na yi kuskure" ba tare da duniya ta tashi ba.

Batun daɗin yabo kuma, na ji daɗi da ba ki ɓoye ba. Jin daɗi in aikinki ya amfani mutane ba zunubi ba ne, Yesu da kansa ya yi alkawarin "madalla" ga bawa mai aminci. Haɗarin yana farawa ne in yabon ya zama abincin da ba ki iya aiki sai da shi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya taɓa rubuta wa wani matashi mai neman ilimi cewa hanyar gaskiya ta farko tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku ma tawali'u. Dalilin da ya bayar shi ne sauran zunubai a cikin mugun aiki ake tsoronsu, amma girman kai har cikin aikin kirki yake laɓewa, ya fizge shi daga hannun mutum yana cikin murna. Wannan gargaɗi ne ga masu aiki su yi tsaro, ba izinin ajiye aikin ba. Ki riƙa lura da kanki a wurare kaɗan. In wata ta yi gargaɗi ya fi naki, kina iya zuwa ki gaya mata da zuciya ɗaya? In aka yi shara ko wanke tukwane bayan taro, inda ba mai tafi, ana ganinki? In an yaba miki, kada ki ce "ai ban yi komai ba", wannan sau da yawa neman ƙari ne. Ki ce, "Na gode, Allah ne ya taimaka," ki wuce zuwa wani zance.

Addu'arki kuwa, ki koma mata yau, kada ki jira sai kin gama tantance zuciyarki. Ayar da ta tsorata ki, Yakubu 4:6, ba ki karanta ta har ƙarshe ba. Ta ce yana ba masu tawali'u alheri, kuma aya ta 8 ta ce ku kusaci Allah, shi ma zai kusace ku. A misalin Luka 18, Bafarisiyen bai taɓa tambayar kansa ko yana da girman kai ba, lissafin azuminsa da zakkarsa yake yi. Mai karɓar harajin ne ya bugi ƙirji ya nemi jinƙai, kuma shi ya koma gida baratacce. Ibraniyawa 4:16 ta ce mu matso kursiyin alheri gaba gaɗi domin mu sami jinƙai. Masu bukatar jinƙai aka ce su zo gaba gaɗi, wato ni da ke.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi, kuma kafin zaɓe. Ki je gidan Mama, ba a harabar majami'a ba, ba ta waya ba. Ki zaɓi lokacin da ba mutane, ki riƙe ɗan abin hannu kamar yadda 'ya take zuwa gaida uwa, ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba. Sai ki ce mata wani abu kamar haka: "Mama, na zo neman gafara. Ranar nan na yi miki magana a gaban mutane har aka yi dariya. Bai kamata ba, kamata ya yi in same ki ke kaɗai. Ki yafe mini." Ki tsaya nan. Kada ki ce maganar tana cikin Littafi don ki faranta mata, wannan ƙarya ce, kuma ba a gina sulhu a kanta. Kada kuma ki ƙara da "amma ai gaskiya na faɗa", domin wannan "amma" tana kwashe duk abin da ya gabace ta. Zancen addu'ar ma kada ki ɗauko shi ranar. In ita ta kawo, ki faɗa mata a hankali cewa ta yi miki ciwo. In ba ta kawo ba, ki yafe mata tsakaninki da Allah, ki bar wa lokaci sauran. Tunda a gaban mata abin ya faru, ki tambaye ta ko tana so ki faɗi kalma ɗaya a taro. In ta ce a bar shi, ki bar shi.

Mai yiwuwa ta rungume ki nan take, mai yiwuwa kuma ta ce "ba komai" da fuskar da ta nuna akwai komai. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Wata 4 tana ganin kin janye, wataƙila ita ma ta fassara shirunki da raini. Ki ci gaba da gaishe ta, ki karɓi aikin da ta ba ki. In makonni suka wuce abin bai sassauta ba, ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa da ku biyu kuke ganin girmanta ta zauna da ku. Wannan ba kai ƙara ba ne. A Filibiyawa 4 akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda Bulus ya shaida sun yi fama tare da shi a aikin bishara, suka saɓa, har ya roƙi wani abokin aiki ya taimake su su daidaita. Bai ce ɗayarsu ta bar aiki ba.

Sai batun sakatariya. Kafin ki ce e ko a'a, ki binciki abu ɗaya: su wa suke son tsayar da ke, kuma don me? In matan da suka ga kin iya rubutu da tsari ne, suna so littafin zumunta ya daidaita, madalla. In kuwa waɗanda suka yi dariya ranar nan ne, suna neman wadda za ta riƙa taka wa Mama burki, to ki gaya musu a fili cewa ba za a yi wannan da ke ba. Sakatariya hannun daman Uwar Zumunta ce. Ita take kiran suna, ta rubuta abin da aka tattauna, ta karanta wasiƙu, ta shirya rahoto, kuma yawancin aikin a zaune ake yinsa bayan kowa ya tafi gida. Ba zai yiwu ki riƙe shi kuna gaba da shugabarki ba, shi ya sa na sa ziyarar a gaba. In kun daidaita, ki gaya wa Mama da bakinki cewa ana son tsayar da ke, ki nemi albarkarta. Ba wai sai ta yarda za a zaɓe ki ba, amma jin labarin daga wurinki zai nuna mata ba zagon ƙasa ake mata ba. Daga nan ki bar sunanki ya shiga. In an zaɓe ki, ki karɓa ba tare da dogon "ban isa ba". In an zaɓi wata, ki zauna kusa da ita ki taimaka mata da rubutun.

In kuma kin auna kika ga ciwon bai warke ba, ko aikin makaranta da na gida ba za su bar ki ba, kina da 'yancin cewa a'a a wannan zagaye. Sai dai ki faɗi ainihin dalilin, "ban shirya ba bana", kada ki ce ba ki iya ba, kada kuma ki kira shi tawali'u. Ko wanne kika zaɓa, gargaɗin da za a ba ki nan gaba ki karɓa. Zai yi kyau ma ki je wurin Mama da abin da kika shirya, ki karanta mata, ki tambaye ta abin da shekarunta suka koya mata a kan batun. Za ki sha mamakin abin da za ki samu, domin akwai abin da ta sani game da zaman aure da rashi da haƙuri wanda ba ya cikin waya.

Maigidanki kuma, ki gode masa da bai bi ki da "haka ne" ba, irin wannan miji yana da amfani. Amma ki gaya masa cewa ba fushi kaɗai ke ciki ba, akwai ciwo da tsoro, kuma kina bukatar ya yi addu'a tare da ke fiye da ya fassara ki. Ki roƙe shi abu ɗaya, duk ranar da ya ga kin fara magana da mutane kamar ɗalibanki, ya gaya miki a ɗaki, ku biyu. Ke ma ki yi masa alkawarin za ki ji ba tare da kin kare kanki ba. In kin je gidan Mama, ki rubuto mini yadda kuka yi, ina sa ku biyu a addu'a.